Baƙin Layin Bari-ya-bushe

A duk layin shagunan, Bari-ya-bushe ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka zo karɓar allon shagonka, ya ce bari ya bushe. Ka ce mai kurar da zai ɗauka yana bakin titi yana jira, ya ce bari ya bushe. Har ana cewa wata rana matarsa ta tambaye shi ko a kai babban ɗansu aski, hankalinsa na kan aiki, ya ba ta amsar nan. Wanda ya san shi ba zai yi musu ba.

Shagonsa ɗaki ne siriri a ƙarƙashin matakalar wani bene. Gwangwanayen fenti sun cika bango ɗaya, burusai na tsaye cikin kwalbar kananzir, daɓen kuwa ya sha ɗigon launi har an manta asalin kalarsa. Da allon masu aski ya fara sana'a, sai lambar ƙofa, sai rubutun jikin manyan motoci. Da haka ya yi aure ya fara tara iyali, ba yabo ba fallasa.

Sai ga wani saurayi da ake kira Kwandala ya buɗe gidan gem a ƙarshen layin. Injinan wasa ya jera a wani dogon ɗaki mai duhu, irin waɗanda ke cikin akwatin katako mai tsayin mutum, da allo a gaba, da maɓallai, da 'yar sandar juyawa. Na hannu ya sayo su, duk gefensu ya goge ya yi furu-furu. Ya turo ɗaya a kura har ƙofar shagon.

"Baba, yara sun ƙi kusantar wannan," in ji shi. "Wai kamar kabad ɗin kakarsu. Ka yi masa wani abu."

"Me ake yi a cikinsa?"

"Dodo ake kashewa."

Bari-ya-bushe ya sa aka mayar da injin aka kunna, ya tsaya bayan yara yini guda yana kallo ta saman kawunansu. Da aka dawo masa da akwatin ya zana dodo kore mai fukafukai, wutsiyarsa ta naɗo har ƙasan akwatin, bakinsa na aman wuta. Fuskar dodon ta ɗauko kamannin mai benen da shagon yake, kowa ya gane sai mai benen. Ranar da aka ajiye akwatin, yara suka yi layi har waje. Daga nan sauran akwatunan suka biyo baya, na tseren mota, na 'yan dambe, na jirgin da ke harbin taurari. Shekara da shekaru yana yi musu ado, amma bai taɓa jefa kwandala ya yi wasa ko sau ɗaya ba. Ya ce hannun da zai ja layi ba ya dukan maɓalli.

Abu biyu ne ba ya sauyawa a aikinsa. Na farko, ba ya kankare tsohon fenti. In wurin da yara ke dafawa ya goge, ko ƙasan da suke hauri in an cinye su ya ɓantare, sai ya ɗora sabo a kan tsoho, wai na ƙasa ne ke riƙe na sama. Saboda haka in ka shafa gefen akwatinsa za ka ji tudu da kwari a tafin hannunka. Na biyu shi ne baƙin layi. Launi kowa na iya cikawa, 'ya'yansa sun cika, har matarsa ta taɓa shafa masa sararin sama wata rana da aiki ya yi yawa. Amma baƙin layin nan da ke zagaye kowane zane, wanda ke fito da ido da haƙori da farce, wannan nasa ne shi kaɗai. Da wani siririn burushi mai dogon gashi yake jan sa, daga ƙasa zuwa sama, ja ɗaya, ba ya numfashi sai ya kai ƙarshe.

Manyan 'ya'yansa warin fenti ya kore su tun da wuri, kowa ya kama gabansa. Auta ce ta tsaya. Daga makaranta shago take wucewa, ta wanke burushi, ta dama fenti, ta cika launi ba ta tsallake iyaka. Wata rana an kawo dodon a sabunta shi, uban ya fita neman kananzir, ya bar layin wutsiya rabi. Yarinyar ta ɗauki siririn burushin ta ƙarasa. Da ya dawo ya daɗe tsaye yana kallo. Sannan ya tsoma tsumma a kananzir ya goge inda ta ja, ya sake jan nasa. Bai yi faɗa ba, bai kuma yaba ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi mata sauƙi. Layin nata ba shi da aibi, shi ma ya san haka, amma akwai irin mutanen da yabo ke maƙale musu a wuya kamar ƙayar kifi, kuma yana cikinsu. Tun daga ranar ba ta sake taɓa siririn burushin ba.

Ta girma ta koyi zane a kwamfuta, ta samu aiki a wani shagon buga sitika. Ita sitikar nan leda ce mai kauri da gam a bayanta, inji ya buga mata hoto, a ɓare a manna a jikin allo ko mota ko akwati, a shafe da roba, shi ke nan. Ba wari, ba ɗigo, ba jiran bushewa. In guda goma kake so, goma za su fito kamar an tsaga kara. Aibinta dai yara na samun kusurwa su yi ta tsokana da farce har ta naɗe. Fenti kuma rana na cin sa, ga cin lokaci. Kowanne da nasa, amma je ka gaya wa Bari-ya-bushe haka.

"Yau leda nawa kuka liƙa?" Haka yake tarar ta in ta dawo gida.

"Baba, ba leda ba ce."

"In an ɓare ta tana ɓaruwa?"

"Tana ɓaruwa."

"To leda ce."

"Naka ma ai koɗewa yake yi."

"Ya koɗe da mutuncinsa."

Sai uwar ta ce su yi wa Allah su bar ta ta ci abinci cikin kwanciyar hankali. Wasa ne, dukansu suna dariya, amma duk tsawon shekarun da Auta ta yi a shagon nan ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, kuma abin yana damun ta.

Rawar hannun da ƙaramin yatsa ta fara. Ya ce gajiya ce. Ta hau zuwa sauran yatsun, ya ce sanyi ne. In yana riƙe da babban burushi ba ta cika nunawa ba, sai ya ɗauki siririn, bakin gashin ya riƙa kaɗawa tun kafin ya taɓa katako. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ba yunwa yake tsoro ba, 'ya'yansa sun tsaya masa. Tsoronsa ranar da za a dube shi da tausayi a ce, Baba, ka huta haka nan. Kuma duk duniya ba wanda ya fi gudun ya ji wannan daga bakinsa kamar Auta.

Sai ya shiga ɓoyo. Ya riƙa tura ƙofar shago in zai ja layi. Ya samo sanda yana jingina tsintsiyar hannunsa a kai. Ya ƙara wa layin kauri don ya haɗiye karkatar. A gida hannun dama ya koma zama cikin aljihu, in za a miƙa masa abu sai ya karɓa da hagu yana ba da haƙuri wai akwai fenti a ɗayan. Matarsa dai ta fara zuba masa shayi rabin kofi, in ya shanye ta ƙara masa wani rabin. Ya yi ƙorafin rowa, ta ce likitoci sun ce shan shayi da kaɗan-kaɗan ya fi lafiya.

Ana nan sai ga Kwandala, shi ma furfura ta fara sauko masa. Ya zauna a benci ya yi ta gaisuwa, ya tambayi iyali, ya sake tambayar iyali. Da ya ga gaisuwar ta ƙare sai ya fito da maganar. Zai tashi daga tsohon ɗakin nan ya koma wani sabon ginin kasuwanci mai fitilu ko'ina, inda ba duhun da zai rufa wa tsohon akwati asiri. Masu ginin sun tsayar masa da ranar buɗewa, fenti ba zai kai ba. Kafinta zai sa wa akwatunan sabon falanki mai santsi, a manna sitika.

"Amma zanenka ne za a buga, Baba, ba wani ba. Auta na bai wa aikin. Ta riga ta zo ta ɗauki hotunansu."

Bari-ya-bushe ya tuna layukan da ya ja a shekarun nan na baya-bayan nan, ya kuma lallashi kansa da cewa hoto ƙaramin abu ne, ba zai nuna ba.

"Dodon fa?" ya tambaya.

"Shi ne na zo. Dodo kam ba na so a manna masa komai. Da hannunka nake so, kamar ranar farko. A bakin ƙofa zan ajiye shi."

Da alheri Kwandala ya faɗa, kuma da wannan alherin ya ɗaure shi. Bari-ya-bushe ya ce a kawo.

Launin bai ba shi wahala ba. Ya shafa kore, ya shafa ja da ruwan ɗorawa na wutar, ya jira suka bushe yadda ya kamata. Har ya fara jin kamar da. Sannan ya tura ƙofa, ya ɗauki siririn burushin, ya durƙusa, ya riƙe numfashi, ya ja daga wutsiya. Bai kai gwiwar dodon ba layin ya karkace, ya yi tsalle, ya dawo, kamar sawun tsutsa a ƙasa mai laima. Ya zauna yana kallon sa.

Da wani ne, sai ya goge ya kankare ya fara daga tushe. Shi kuwa bai saba ba, ɗorawa ya sani. Ya rufe layin da kore. Ranar buɗewa na matsowa, zuciya na azalzalar sa, sai ga mutumin da ya tsufa yana ce wa duniya ta jira ya kasa jira. Ya ja baƙi a kan ɗanyen kore. Ya karkace. Ya rufe, ya sake ja. Ya rufe, ya sake. Fenti kuwa ba ya jin magiya, in aka jibga masa ɗanye a kan ɗanye sama ce ke kamewa, ciki na nan da ruwansa. Da ya buɗe shago wata safiya, gefen akwatin ya yamutse, wuyan dodon ya zubo ya taru a kafaɗa kamar kyandir da ya narke. Garin gyaran gira an rasa ido.

A nan matarsa ta same shi da rana, zaune a kan gwangwani. Ba ta saba kawo masa abinci shago ba, amma ta ga kwanakin nan ba ya cin na kirki. Ta ajiye kwanon, ta dubi dodon, ta dube shi.

"Fentin ne ba shi da kyau," in ji shi. "Na yanzu duk ruwa ne."

"Haka ne," in ji ta. Ta jawo wani gwangwanin ta zauna kusa da shi, ta sa hannu cikin aljihunsa ta fito da hannun, ta riƙe shi a cinyarta. Yana rawa a tsakanin tafukanta, ba ta matse ba, ba ta saki ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Malam, ni ke wanke rigunan da kake zubar wa shayi."

Ya so ya yi dariya, sai hawaye suka riga ta. Ta bar shi ya gama.

"Kar ki gaya wa Auta."

"Ni ba zan gaya mata ba. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. 'Yar nan kwanakin nan ita ma ba ta cin abinci, ta shigo ta gaishe ka ta shige ɗaki. Ko tsokanar leda ba ku yi. Ka je ka same ta."

Ya ce ba ya zuwa. Ya ci abincin, ya wanke hannu, ya rufe shago, ya tafi.

Shagon sitikar fari ne tas, sanyin na'ura na busowa, wani dogon inji na amayo leda mai hoton kwalbar lemo a hankali. Ba wanda ke da ɗigon komai a rigarsa. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana duba takalmansa kada ya ɓata musu daɓe. Wata ma'aikaciya ta nuna masa lungun da Auta take.

Ba ta ji zuwansa ba. Tana zaune gaban babban allon kwamfuta, hannunta tallafe da haɓa, ba ta aikin komai. A kan allon ga ɗan dambensa, wanda ya sabunta bara. Hoton da ya ce ƙarami ne an buɗa shi har damtsen ɗan damben ya cika allon. Jan ya fito, ruwan ɗorawar ya fito, duk inda hauri ya ɓantare an cike shi tsaf. Baƙin layin kuwa yana nan yadda ya bar shi, yana kaɗawa, ga inda ya tsaya ya huta, ga inda ya maimaita don ya rufe, komai a fili.

Ta waiwayo ta gan shi, ta miƙe da sauri, hannunta ya nufi maɓalli za ta kawar da hoton.

"Bar shi," in ji shi.

"Baba, sannu da zuwa. Ga kujera."

Bai zauna ba. "Wannan shi za a buga?"

"Ba a buga ba tukuna." Ta sunkuyar da kai. "Launukan duka na gama tuni. Mai shagon kullum sai ya tambaye ni me nake jira."

"Me kike jira?"

"Layin ne ya rage."

"Injin naku ba ya gyara layi?"

"Inji ba ya gyarawa, Baba. Mutum ne zai sake ja da hannu, a kan wannan faifan." Ta nuna wani baƙin faifai da alƙalami a kansa. "In na buga shi haka, a cikin fitilun nan kowa zai gani. In na sake ja kuma, layinka ne. Na rasa yadda zan yi in tambaye ka."

Sai a lokacin ya gane abin da ya hana ta cin abinci. Yana can yana tura ƙofa don kada ta gani, ita kuma tana nan ta gani ƙarara, tana fama da mai shago da Kwandala da ranar buɗewa, ita kaɗai, don kawai wata rana tana yarinya ya goge mata layi da tsumma. Kunya ta kama shi, da wani irin son yarinyar da ya cika masa ƙirji.

"Dodon na ɓata shi," ya ce daga baya. "Sai an kankare shi har katako."

"Za mu kankare. Ina da hotonsa na da."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi alƙalamin da ke kan faifan.

"Ja min," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi, kamar ba ta ji daidai ba.

"Ki ja min, Auta. Hannuna ya daina. Naki kuwa tun kina ƙarama ya iya, ni ne ban faɗa ba."

Ta zauna. Ta goge ido da bayan hannu, ta ɗauki alƙalamin, ta share tsohon layin damtsen. Ta fara daga gwiwar hannun ɗan damben ta yi sama, layin na bin ta a kan allon, siriri a farko, ya yi kauri a kan tsoka, ya sake sirancewa a kafaɗa. Bai karkace ko kaɗan ba. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga alƙalamin ta jira, ba ta waiwayo ba.

"Ya yi," in ji shi. Sannan halin ya motsa. "Sai dai kafaɗar ta fi haka faɗi. Ɗan dambe ne, ba tela ba."

Dariya ta kuɓuce mata tare da sauran hawayen. "To zo ka nuna min daidai ina."

Ya jawo kujerar ya zauna a gefenta. Da hagu ya fara miƙawa, sai ya fasa. Ya zaro hannun dama daga aljihu, ya ɗaga shi a gaban allon, a gaban 'yarsa da duk ma'aikatan shagon, yatsan na rawa yana kai da kawowa a kan kafaɗar ɗan damben.

"Nan," ya ce. "Wajajen nan dai. Ke kin san wurin."

Ta bi yatsan da ido har ta gane inda yake nufi, ta sa alƙalami ta ja.